Jabu Ba Ya Kawo Kansa Gari

Ƙannena samari da 'yan mata na Kanya Babba da ƙauyukan da ke cin kasuwa da ita, da ku na Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa, zancen kayan jabu nake so mu yi. An saba ce muku ku yi hattara kada a cuce ku, kuma gaskiya ne. Ni abin da ya fi hana ni sakat shi ne kada a cuci wani da hannunku.

Ba a Kanya ake buga kwalin maganin ƙarya ba. Kayan daga nesa suke tasowa. Wasu daga Sin ko Indiya, su sauka a Legas ko Kwatano ko Lome. Wasu a wani lungu ake haɗa su a Aba ko Anacha ko cikin birnin Kano. Su bi hannun babban dila, su bi na ƙarami, su hau motar da ta ratso Kunya ta nufo Kanya da Babura, ko su ɓullo ta bakin iyaka wajen Babban Mutum. Amma wanda zai miƙa wa tsohuwa ƙwaya huɗu a ƙullin leda ɗan gari ne. Ta san uwarsa, watakila ma ta ci tuwon sunansa. Shi ya sa ba ta juya kwalin ba, ba ta tambayi komai ba, ta kwance bakin zane ta biya.

Wannan hannun na ƙarshe, a yau, galibi naku ne. Ku ake turawa Kano saro kaya. Ku ne yaran kemis, ku ne masu shagon caji da gyaran waya, ku ke tsaye da galan ɗin fetur a bakin titi, ku ke goya famfon feshi ku shiga gonar mutane kwadago. Kuma ku ne kuka iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwali, iyayenmu da yawa ba su iya ba.

Mu fara da magani, domin a nan ne abin ke cin rai. Ku ɗauki watan Agusta ko Satumba, ruwa ya zauna, sauro ya yi yawa. Yaro ɗan shekara biyu jikinsa ya yi zafi rau da daddare. Uban ya je kemis, aka ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, irin wanda ake sha sau shida cikin kwana uku. Idan na gaske ne, yawanci zuwa kwana na biyu yaro ya fara neman nono da wasa. Idan garin alli ne ko sitaci aka dunƙule aka rufe da kwali mai kyau, ba abin da zai yi wa yaron a ranar, kuma nan ne muguntarsa take. Iyaye sun saki jiki tunda an ba da magani. Kwana ukun da ya kamata a ce an kai shi asibiti sun tafi a jira. Kafin a farga jini ya ƙone, ko an fara jijjiga. In ya rasu sai a ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, kowa da ajalinsa, amma akwai wanda ya ci riba a kan wannan kwalin, kuma imani da ƙaddara bai wanke shi ba.

Akwai kuma wanda ya fi wannan wayo, wato wanda aka sa masa maganin gaske amma rabi ko kwata. Zazzaɓi ya lafa, a ce magani ya yi. Ƙwayar cutar kuwa ba ta mutu ba, sabawa ta yi. Ƙarancin magani a jiki yana cikin abubuwan da ke koya wa cuta taurin kai, har ranar da na gasken ma zai daina cin ta. Ku tambayi iyayenku labarin kulorakwin. A da ita ce sarauniyar maganin zazzaɓi, sai da ta daina aiki Najeriya ta sauya ta wajen 2005.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, magani ɗaya cikin goma ko dai jabu ne ko bai kai inganci ba. Alƙaluma irin waɗannan ba sa shiga jiki, don haka ga abin da ya faru a maƙwabta. A 1995 sanƙarau ya ɓarke a Jamhuriyar Nijar. Najeriya ta aika da allurar rigakafi a matsayin gudummawa, da tambarin manyan kamfanonin Turai a jiki. Likitocin ƙungiyar MSF da ke aikin suka lura ba ta narkewa yadda aka saba. Da aka auna, babu maganin a ciki. Kafin nan an riga an yi wa sama da mutum 50,000, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum 2,500 da wannan. Ku lura da wani abu. Gwamnatin da ta bayar alheri ta yi nufi. Malamin asibitin da ya tsira allurar tsakaninsa da Allah yake aiki. Uwar da ta tako da ƙafa daga ƙauye ta yi abin da aka ce ta yi. 'Yan tsiraru ne suka san gaskiya, can a farkon layi, sauran duk da kyakkyawar niyya suka isar da ita.

A ƙarshen 2008 kuma aka fara kawo jarirai asibitoci a Legas da Ibadan da asibitin koyarwa na Zariya, sun daina fitsari, ƙoda ta tsaya. Kusan duk sun sha wani maganin fitowar haƙori mai suna My Pikin. Kamfanin da ya yi shi a Legas ya sayi sinadarin haɗi daga dilan da ba shi da izini, aka ba shi wani ruwa mai zaƙi-zaƙi irin wanda ake sawa a man burki. Yara 84 suka mutu. A 2013 kotu ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai. Irin wannan gubar ce ta kashe yara 109 a Jos da Ibadan a 1990, ita ce kuma ta kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022 ta hanyar maganin tari daga Indiya. A Kano ma, gab da azumin 2021, wani gari da aka sayar da sunan ɗan tsami na haɗa lemo ya kwantar da ɗaruruwan mutane, aka rasa goma. Duk 'yar da ke haɗa zoɓo ko lemon ƙulli tana sayarwa ta riƙe wannan: garin da aka auno miki daga buhun da ba suna ba kwanan wata, ba ki san abin da kike zuba wa 'ya'yan mutane ba.

Hukuma tana nata ƙoƙarin. An kafa hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, a 1993, amma sai zamanin da Dora Akunyili ta shugabance ta, daga 2001 zuwa 2008, mutane suka san da ita. 'Yar'uwarta ta rasu a 1988 saboda allurar ciwon suga ta jabu, don haka ba da wasa ta karɓi aikin ba. Ta ƙona kaya, ta rufe kasuwanni. A watan Disamba na 2003 aka buɗe wa motarta wuta, harsashi ya huda ɗankwalinta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku irin kuɗin da ke cikin harkar da irin mutanen da ke bayanta. A Kano, bayan shekaru ana ja-in-ja, an gina kasuwar sarin magani a Dangwauro kan titin Zariya, kuma a Fabrairun 2024 aka rufe shaguna sama da dubu a Sabon Gari da kewaye don a tilasta wa 'yan magani komawa can, inda hukuma ke da ido a kan abin da ke shiga da fita. Wanda aka aike ka saro magani, can za ka nufa, ko da wani ya raɗa maka cewa akwai mai sauƙi a bayan layi. Sai dai kada mu yaudari kanmu. Dokar da ke hukunta mai jabun magani ta ba alƙali zaɓin tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, kuɗin da babban dila zai biya daga aljihun gaba. Kuma ma'aikacin NAFDAC da ke Dutse ba zai kwana a kowane kemis na ƙasar Babura ba. Wanda ke kwana a kemis ɗin kai ne.

Tun 2010 akwai dabarar da ta sauƙaƙa muku. Yawancin magungunan zazzaɓin cizon sauro da wasu na kashe ƙwayoyin cuta suna da wani ɗan wuri mai ruwan azurfa a jikin kwali, kamar na katin waya. Ka kankare, ka tura lambar ta saƙon tes zuwa lambar da aka rubuta a wurin, kyauta, amsa ta dawo. Minti ɗaya ne. Abin da ke ba ni mamaki, saurayin da zai kwana yana latsa waya a kan ƙwallon Ingila bai taɓa yi wa ƙaninsa wannan ba.

Mu je gona, tunda da ita muke ci. Jabun gona ya fi kowane iya ɓuya, domin ba ya tona kansa sai damina ta yi nisa, lokacin da ba gyara. Manomi ya sayar da tunkiya ya sayi taki buhu biyu. Ya zuba, ya jira gero ya yi duhu, shiru. Sai ya ce ƙasa ce ta gaji, ko ruwa ne ya wanke. Ba zai kawo a ransa cewa an farke buhun an debi kwano biyar an cike da yashi ko dakakken dutse an sake ɗinkewa ba. Ku duba bakin buhu. Ɗinkin kamfani layi ɗaya ne miƙaƙƙe, wanda aka sake kuwa sau da yawa za ku ga tsofaffin hudojin allura a gefen sabon zare. Ku ɗora a sikeli, buhun da aka rubuta kilo 50 ya cika 50. In yuriya ce, ku debi cikin tafin hannu ku zuba a kofin ruwa ku motsa. Ta gaske tana narkewa tas, ruwan ya yi sanyi har ka ji a jikin kofin. In wani abu ya kwanta a ƙasa yana ƙaras-ƙaras, an yi algus. Kamfa ba a yi masa wannan hukuncin, domin ko na gaske yakan bar ɗan laka a ƙasa, shi sai dai a kula da wurin saye. Akwai dokar ingancin taki tun 2019 wadda ta wajabta wa masu sayarwa yin rajista, kuma ba rashin kunya ba ne ka tambayi mai shago takardarsa.

Iri ma haka. Akan auno masara ko wake daga kasuwar hatsi, a rina da jan kala don ya yi kama da wanda aka wanke da magani, a zuba a leda mai hoton zangarniya. Hukumar kula da iri ta ƙasa ta fito da tambarin kankarewa irin na magani, ku neme shi. Maganin feshi kuwa, a tsarma shi da ruwa a mayar a robarsa ta asali. Ka yi feshi, ciyawa ta yi kamar ta mutu, bayan mako ta miƙe. A nan ina da tambaya. Mutumin da ke bi gari-gari yana sayen wofin robar maganin ciyawa ko ta baƙin mai, yana ƙara kuɗi in murfin da takardar jiki ba su lalace ba, me kuke zato zai yi da ita? Kun gama da roba, ku huda ta da wuƙa. Ta maganin feshi dama ba ta ɗiban ruwa ba ce ko zuba man gyaɗa, ko an wanke ta sau goma.

Sauran tarkacen kun fi ni saninsu: cajar da ke kumbura batir, batirin sola da aka cika wa ciki da yashi don ya yi nauyi, wayar wuta da aka rage wa tagulla har ta yi zafi ta kama silin, baƙin man da aka tace daga tsoho ya kashe injin babur ɗin da ba a gama biyan kuɗinsa ba, tayar da ta shekara a ajiye aka goge ta da mai. Wanda ya sayi caja uku a wata biyu ya biya kuɗin mai kyau har da ƙari. Araha ba ta ado.

Abin da ba ku gani da ido ba shi ne aikin da jabu ya cinye kafin a haife ku. A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar Kaduna. Daga baya unguwar Kakuri ta cika da masaƙu, Kano ma ta samu nata a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Dubban mutane daga ƙauyuka irin namu suka samu albashi a can, manoman auduga na Funtuwa da Gusau suka samu mai saye. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, babbar cikinsu UNTL ta bi baya a 2007. Ba jabu kaɗai ya kashe su ba, akwai rashin wuta da tsadar man injin da sakacin gwamnati. Amma ku ƙaddara kamfani ya biya mai zane ya fitar da sabon adon atamfa. Kafin wata uku an ɗauki hotonsa an buga a Sin a kan yadi mara kauri, har da tambarin kamfanin a bakin zane, an shigo da shi ta Kwatano da Maraɗi ba a biya kwastan ba, ana sayarwa rabin kuɗi a Kantin Kwari. Wane kamfani ne zai jure wannan? Duk saurayin da ya bar gida yau ya tafi Legas ko Abuja acaba ko turin baro, akwai kason wannan a cikin tafiyarsa.

Yanzu bari in taɓo inda ba a so. Mu ma muna yin namu. Jigawa tana cikin jihohin da suka fi noma riɗi da zoɓo, kuma daga Dawanau da Maigatari kayanmu ke tafiya har ƙasashen waje. Wa ke zuba yashi mai laushi a cikin riɗi? Wa ke yayyafa wa zoɓo ruwa daren kasuwa don ya yi nauyi? Wa ke sa tsohon wake a ƙasan buhu, sabo a baki? Ba daga Sin aka zo aka yi mana wannan ba. Mai yi yana ganin dila ya cuta. Dila kuwa ba wawa ba ne. An yi masa sau ɗaya, sau biyu, sai ya ɗauka kowane buhu daga yankin akwai ƙasa kwano biyu a ciki, ya zaftare kuɗin kwano biyu daga na kowa. Wanda ya sheƙe nasa tas ya ga an biya shi daidai da mai algus, baɗi shi ma ya zuba. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi rubutu a 1970 a kan yadda kasuwa ke lalacewa idan mai saye ba ya iya bambance mai kyau da mara kyau: farashi ya faɗi, masu kayan kirki su janye, a bar kasuwa da tarkace. Ya samu kyautar Nobel a 2001. Kowane mai awo a kasuwar ƙauye ya san wannan tun kafin a rubuta.

Abin yakan wuce kasuwar ƙauye. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda yawan gubar ƙwari da aka samu a ciki, irin sinadarin da ke cikin Sniper da fiya-fiya, wanda wasu ke zubawa kai tsaye a buhu don kada ya yi ƙwari. Ba su tsaya tantance wane manomi ne ya zuba, wane ne bai zuba ba, ƙasar gaba ɗaya suka rufe wa ƙofa. Waken da Turawa suka ƙi kuwa bai koma gona ba, mu muka ci shi a ƙosai da alale.

Malamanmu sun sha karanta mana abin da Imamu Muslim ya ruwaito, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai tsibin abinci, ya cusa hannu ciki ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi bai hana shi sayarwa ba, abin da ya tuhume shi a kai shi ne ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa maimakon ya sa shi a sama kowa ya gani, kuma ya barranta daga mai algus. Sura guda aka saukar da sunan masu tauye mudu, kuma mutanen Madyana a kan awo aka halaka su bayan gargaɗin Annabi Shu'aibu.

Wannan ya amsa uzurin da na fi ji a bakin 'yan kasuwa, wai talaka ba shi da kuɗin orijina, in ba a kawo masa mai sauƙi ba ina zai sa kansa. Ba wanda ya hana sayar da mai sauƙi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ka ce wa mutum, “Baba, wannan lamba biyu ce, ba za ta kai waccan daɗewa ba, amma ga kuɗinta,” ciniki ya halatta, ya ɗauka da saninsa. Laifin yana inda ka ɗauko lamba biyu ka ce gangariya ce, ka haɗa da wallahi tallahi. A magani ma akwai mai araha na gaske, wanda ƙananan kamfanoni masu rajista ke yi da sunansu, ba su ari na kowa ba. Amma magani da taki da iri ba su da lamba biyu irin ta takalmi, wanda ba ya aiki kwata-kwata ba sauƙi aka yi wa talaka ba, kuɗinsa aka karɓa a banza.

Na san da yawanku ba ku ne masu shagon ba, yara ne a ƙarƙashin wani, kuma yaro ba ya ɗaga wa ubangidansa murya. Ba sai ka ɗaga ba. Ka same shi shi kaɗai, ka rusuna ka ce, “Alhaji, kayan nan da aka kawo jiya kwalinsu ya bambanta da na da, rubutun ya yi dishi-dishi, kuma na kankare lambar ba ta amsa ba. Ina tsoron kada sunanka ya ɓaci.” Sau da yawa shi ma cutarsa aka yi, zai gode maka. In kuwa ya ce ka yi shiru ka sayar, to ka san wurin da kake, ka fara neman wani ubangidan tun kafin wata uwa ta zo ta tsaya a ƙofar shagon tana kiran sunanka, domin kai ta gani, ba ta san dilan Kano ba.

In an aike ku sari, ku karɓi rasit mai sunan shago da lambar waya, dilan da ya ƙi bayarwa ku bar masa kayansa. Farashin da ya faɗo ƙasa da na kamfanin da ya yi kayan abin tambaya ne. Ke kuma da ake aika kemis, ko kike rainon ƙanne, ki duba ranar lalacewa, ki duba ko an liƙa wata takarda a kan ta asali, kada ki karɓi ƙwaya tsirara wadda ba ki ga kwalinta ba. Maganin da ya sha rana a faranti a kan ɗan talla, ko na gaske ne zafi ya riga ya rage masa ƙarfi.

In kuma abin ya riga ya faru, an sha magani jiki ya rikice, ko yaro ya daina fitsari, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu a nuna wa ma'aikacin lafiya, a kuma sanar da mai unguwa ko dagaci. Kada a zubar da ragowar don ɓacin rai, kada a jefa kwalin a wuta. Da lambar da ke jikinsa ake bin sawun sauran kwalaben da aka yi tare da shi, waɗanda ke kan kanta a wasu garuruwan ba a kai ga sayar da su ba.